Abin da Kifi Ya Ci

Mai sayen bandar tarwaɗa a Gangara, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, tambaya biyu yake yi: nawa ne, kuma na yaushe ne? Ba safai yake tambayar me kifin ya ci ba. A da babu buƙata, domin kifin madatsar Jibiya ko na tafkin Madarunfa da ke tsallaken iyaka shi ke nemar wa kansa abinci. Yanzu tarwaɗa da yawa a tankin siminti ko na roba take girma, kuma duk abin da ya shiga cikinta hannun mutum ne ya zuba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan matsala. Suna kiran dabbar da ta saba cin ƙazanta jallala, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani game da namanta da nononta. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare irin wannan kaza kwana 3 kafin a yanka. Malikawa, waɗanda mazhabarsu ce ake bi a Katsina da Maraɗi, sun sassauta. Shafi'awa da yawa sun rataya hukuncin ga canjin warin naman. Wato hanci ne alƙali. Idan mai kiwo ya cika tanki da hanjin kaji da mushe, to ga babin da za a buɗe masa.

Amma akwai abin da hanci ba ya kamawa. Seleniyam sinadari ne da Berzelius, masanin Suwidin, ya gano a 1817. Shekaru da dama guba kawai aka ɗauke shi, sai a 1957 bincike ya nuna jikin dabba ba ya rayuwa lafiya ba tare da shi ba. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda ƙasar noma ta rasa shi, ciwon zuciya ya riƙa kashe yara da mata. A Kesterson ta Kalifoniya kuwa yawansa ne ya yi ɓarna: a 1983 aka fara ganin 'ya'yan tsuntsayen ruwa suna ƙyanƙyashewa da nakasa. Babban mutum na buƙatar abin da bai kai kashi 1 cikin 10 na miligiram ba a rana. Kamar kanwa yake a hannun makiyayi, kaɗan ta gyara saniya, da yawa ta sa ta zawo.

Masu kiwon kifin salmon a Norwe sun ci karo da shi ta wata hanya. Da garin kifi ya yi tsada, suka koma haɗa abincin da waken suya da sauran tsirrai, waɗanda seleniyam ɗinsu bai kai na garin kifi ba. Dole a ƙara. To nawa? Dokar Tarayyar Turai ta tsayar da rabin miligiram a kowane kilo na abincin dabba, masu bincike a Bergen kuma suna ta auna ko wannan ya ishi kifin, da kuma inda ƙari yake fara taɓa hanta. Kada a ce labarin nesa ne: Skretting, kamfanin Norwe da ya yi suna da abincin salmon, yana da masana'anta a Ibadan da ke yi wa tarwaɗa abinci.

A nan ne babin jallala ya gaza ɗaukar kayan. Seleniyam ba najasa ba ne, ba mushe ba ne, ba ya wari. Halal ne a cokali, cuta ne a ludayi. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya haɗa halal da ɗayyibi a wuri guda, kuma malamai sun yi ittifaƙi cewa cutarwa haramun ce ko da asalin abu mai tsarki ne. Abin da ya sauya shi ne wanda nauyin ya hau kansa. Uwargida za ta iya sansana kifi ta mayar. Ba za ta iya sansano miligiram ba. Alhakin ya koma wuyan mai ma'auni: injiniyan masana'anta, jami'in NAFDAC da ke sa wa buhu lamba, da mai kiwon da tsadar buhu ta sa shi haɗa nasa da dusa da ƙuli-ƙuli, yana barbaɗa garin sinadari da ƙiyasin ido.

Garin iyaka ya fi kowa shiga wannan tsaka mai wuya. An rufe iyakar Jibiya a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Rufe ƙofa bai hana kaya bin ɓarauniyar hanya ba, sai dai sukan iso an sauya musu buhu, babu takardar da ke faɗin abin da ke ciki. Malamin da aka kawo wa fatawar kifin da aka ciyar da irin waɗannan kaya zai iya cewa halal ne, kuma bai yi kuskure ba. Ko ɗayyibi ne, wannan sai ya aika a tambayi ɗakin gwaji.