Sarkin da zinariya kaɗai ta san sunansa

An ce a shekarar 1713 aka tono wasu sulallan zinariya a Taransilbaniya, cikin Rumaniya ta yau. Wasunsu na ɗauke da kan wani mutum mai kambi, da suna Sponsianus, sunan da babu marubucin Rum ko ɗaya da ya ambata. Tun ƙarni na 19 masanin tsoffin kuɗi na Faransa, Henry Cohen, ya ce jabu ne. Hujjar tana da ƙarfi: kuɗin Rum da guduma ake buga su, waɗannan kuwa zubi ne.

A 2022 Paul Pearson da abokan aikinsa suka bincika wanda ke gidan tarihin Hunterian na Gilasgo. Suka ga ƙarzuwa irin ta kuɗin da ya sha hannu, da tsohuwar ƙasa a lungunansa, suka ce mutumin ya rayu. Masana da yawa ba su yarda ba.

Wanne ya fi muni, a shafe wanda ya rayu, ko a cusa wanda ba a haifa ba cikin jerin sarakuna? Mai tara sulalla ba ya rasa son rai. Yana so abin da ya mallaka ya zama na gaske, kasuwa ma haka take so. Sai dai mai shakka shi ma yakan yi kure. Kuɗin tagulla na Domitianus da aka tsinta a Faransa a 1900 ya daɗe yana shan sunan jabu, har na biyu ya fito a Ingila a 2003, cikin tulu, tare da dubban wasu. Sponsianus bai sami shaida ta biyu irin wannan ba tukuna.