Jigida, Sarƙar Ƙafa da Carbi a Wuya: Wa Ke da Ikon Fassara Adon Mutum?



'Yan uwa, akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo tsakanin matasanmu, musamman a nan Samaru inda jami'ar Ahmadu Bello ta tara yara daga kowane lungu na ƙasar nan tun 1962. Ɓangare ɗaya na cewa: jikina ne, kuɗina ne, abin da na sa yana bayyana ko ni wace ce, ba ruwan kowa. Ɗaya ɓangaren kuma da zarar ya hango sarƙa a ƙafar yarinya ko duwatsu a hannun saurayi, shi ke nan ya gama yanke hukunci, ya san tarihinta, ya san ɗabi'arta, har ya san makomarta a lahira. Dukkansu biyu akwai gyara a maganarsu.

Mu fara da asali. Ado halal ne. A Suratul A'araf, aya ta 32, Allah Ya yi inkari ga wanda ya haramta ƙawar da Ya fitar domin bayinSa. Matan sahabbai suna da 'yan kunne da zobba, shi ya sa ranar idi da Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da su sadaka suka riƙa cirewa suna jefawa a tufar Bilal. Shi kansa Manzon Allah yana da zoben azurfa da yake buga hatimi da shi a wasiƙun sarakuna. Abin da aka hana namiji shi ne zinare da alharini, da kuma kamanceceniya da mata.

Haka a al'adarmu. Murjani da tsakiya da jigida tsofaffin kayan ado ne a ƙasar Hausa. Fatake sun keto Sahara da murjani har kasuwar Kurmi ta Kano, masagan Bida kuma sun shahara da narka gilashi suna yin duwatsu da warwaro. Kakanninmu sun sa jigida a ɗakunan mazajensu ba tare da wani ya zarge su ba. Don haka mai cewa jigida baƙon abu ne da intanet ta kawo, bai tambayi tsofaffin gidansu ba.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce ado magana ne, ita kuwa magana sai da mai ji. Ka shiga kasuwar Sabon Gari, unguwar da ta bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa ta tara Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da Banufe, ka ga yadda dutse ɗaya ke faɗin abu uku. Jan murjani a wuyan dattijo daga Binin ko ƙasar Yarabawa alamar sarauta ce. A wuyan amaryar Bahaushe kayan lefe ne. A wuyan Bafulatanar da ta kawo nono kasuwar Samaru ado ne na danginta. Dutsen bai canja ba, jama'a ne suka ba shi ma'ana. Saboda haka ba ka da ikon cewa kai kaɗai za ka yanke abin da adonka ke nufi, kamar yadda ba ka da ikon ɗaukar kalmar zagi ka ce a wajenka gaisuwa ce.

Shi ya sa nake ba mai sa ado shawarar ya yi wa kansa tambaya uku.

Ta farko: me na ƙudurta game da shi? Idan an ɗaura wa jariri dutse a wuya ko a ƙugu da imanin zai kare shi daga kambun baka ko maita, an fita daga babin ado, an shiga babin tauhidi. Sayyidina Umar (RA) ya tsaya gaban Hajarul Aswad, dutsen da ya fi kowane dutse daraja, ya bayyana cewa ya san ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, koyi da Manzo ne kawai ya sa yake sumbatarsa. To ina ga ɗan dutsen roba da aka saya a tire? Haka jigidar da ake tallatawa a Facebook da TikTok wai an yi mata aiki, tana mallake miji ko janyo mai kuɗi. 'Yar uwa, kuɗinki za su tafi, imaninki kuma ya raunana.

Ta biyu: wa nake so ya gani? Aya ta 31 a Suratun Nur ta lissafa waɗanda mace za ta bayyana wa adonta, sannan ta hana buga ƙafa don a san abin da aka ɓoye. Ku lura, ayar ba ta ce a cire mundayen ƙafa ba, ta san suna nan, sanarwar ce aka hana. Jigida a ɗakin miji ado ne mai lada in an yi niyya. Jigidar da aka ɗage riga aka ɗauka a waya aka watsa wa duniya wani abu ne dabam, ko da duwatsun iri ɗaya ne.

Ta uku, wannan kuma ta maza ce: ina faɗin gaskiya da abin da na sa? Yanzu ana yayin rataya carbi a wuya ko naɗe shi a hannu. Ba zan shiga saɓanin malamai kan ƙirga zikiri da carbi ba. Amma carbi a wuya yana gaya wa mutane cewa mai shi ma'abocin ambaton Allah ne. Idan rabonka da jan sa tun azumin bara, to ka tambayi zuciyarka me yake yi a nan. Riya ba ta buƙatar doguwar sallah, ɗan carbi ma ya ishe ta.

Yanzu bari mu juyo kan masu kallo, domin nasu haɗarin ya fi girma. Uwar Muminai A'isha (RA) tana da sarƙar duwatsu irin na Zafar, wani gari a Yaman. A hanyar dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ sarƙar ta tsinke, ta koma nema, ayari ya tafi ya bar ta. Safwan bin Mu'aɗɗal ya same ta ya kawo ta. Daga nan munafukai suka ƙulla ƙazafi, Madina ta yi kusan wata guda cikin baƙin ciki, har Allah Ya wanke ta da ayoyi a Suratun Nur. A wata tafiyar kuma ɓatan sarƙarta ya tsayar da mutane a wurin da babu ruwa, sanadin haka ayar taimama ta sauka, daga baya aka ga sarƙar a ƙarƙashin raƙumi. Sarƙa a nan ta zama sanadin sauƙi ga al'umma har tashin alƙiyama, a can kuma marasa tsoron Allah suka gina ƙarya a kanta.

Ita wannan surar da ta hana buga ƙafa, ita ce a aya ta 4 ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiyar mace da alfasha bai kawo shaidu 4 ba. Sarƙar ƙafa ba shaida ba ce. Amma yau ana zaune a majalisa ko wajen mai shayi, ɗaliba ta wuce, sai wani ya ce ai duk mai sa wannan 'yar kaza ce. Wa ya gaya maka? Wataƙila a garinsu haka kowace mace ke sawa. Wataƙila kyautar mahaifiyarta ce. Wataƙila ma ba ta san fassarar da kuka ƙirƙira ba. Irin wannan magana ta fasa aure da aka kusa ɗaurawa, ta sa iyaye sun ji tsoron tura 'ya'yansu karatu. Idan ta yi kuskuren bayyana ado, nata kuskure ne da nasiha ke gyarawa. Kai kuwa ka ɗauki ɗaya daga cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Kuma kafin a umarci mata da ɓoye ado a aya ta 31, an riga an umarce ka da runtse ido a aya ta 30. Ya aka yi ma ka ƙare wa ƙafar tata kallo?

Don haka kowa ya riƙe nasa. Ke mai sawa, ki sani mutane suna karanta adonki, ki zaɓi abin da kike so a karanta da wanda ya halatta ya karanta. Kai mai kallo, ka sani fassararka zato ce, kuma za a tambaye ka a kanta. Iyaye mata da yayye, ku yi wa 'ya'yanku wannan bayani cikin hikima kafin su tafi makaranta, kada ku bari sai sun ji shi a bakin masu zagi.

Allah Ya ƙawata zukatanmu da taƙawa, Ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinSa. Wallahu a'alam.