Kafin A Ja Katanga, A Ba Kowa Haƙƙinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako yana cikin wata halitta wadda ido ba ya ganinta sai da madubin likita, watau ƙwayar bakteriya.

Akwai irin da ake kira E. coli, mai zama cikin hanjin ɗan Adam. Sai an jera wajen guda 500 kafin su kai milimita 1. Ba ta haihuwa, rabewa take yi gida biyu, har cikin minti 20 idan abinci ya wadata. A cikinta akwai zare guda mai siffar zobe, wanda ke ɗauke da dukan umarnin rayuwarta, masana na ce masa DNA. Kafin ta rabe sai ta kwafi zaren nan, ta kai ɗaya wannan gefe, ɗaya wancan, sa'an nan katanga ta ratsa tsakiya.

To, me ke hana katangar datse zaren? A 1991 Bi da Lutkenhaus, masana a Amurka, suka nuna cewa wani sinadari, FtsZ, yana yin ɗamara a daidai inda za a yanke. Allah kuwa Ya sanya wa ɗamarar nan masu tsaro. Sinadaran Min suna kai da kawowa tsakanin bakin ƙwayar biyu, suna hana ta ɗauruwa a gefe. Idan suka lalace, sai a yanko 'yar mitsitsiyar ƙwaya marar zare, wadda ba ta iya yaɗuwa. SlmA kuma, wanda aka gano a 2005, yana manne da zaren, yana hana ɗamarar zama a kansa har ya kauce. In wani ɓangare ya makara a bakin katanga, sai FtsK ya ja shi ya kai wa mai shi.

Ku duba, jama'a. Halitta marar hankali ba ta rufe katanga sai kowane ɓangare ya karɓi gadonsa cikakke. Mu kuwa da aka ba hankali da Littafi, mutum zai rasu, tun ba a share makoki ba babban wa ya kewaye gona, ya sayar da fili, alhali ba a biya bashin mamaci ba, ba a zartar da wasiyyarsa ba, mata da marayu ba su karɓi rabon da Allah Ya yanka musu a Suratun Nisa'i ba. Shari'a ta jera abin bi da bi: jana'iza, bashi, wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan gado. Wanda duk ya ja katanga kafin haka, haƙƙin wani ya datse, kuma zai amsa tambaya ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya kiyashe mu cin dukiyar maraya, Ya sa mu cika da imani, amin.