Mayunwata Biyu a Gona Ɗaya

Idan mayunwaci ya karɓi aikin da wani mayunwacin ya ƙi saboda ƙarancin lada, laifin wa za mu gani? Tarihin tsibirin Tirinidad da ke yankin Karibiyan ya ajiye mana wannan tambaya.

A shekarar 1838 bayi 'yan asalin Afirka suka samu cikakken 'yanci a tsibirin. Da yawansu suka bar gonakin rake, waɗanda suka tsaya suka nemi lada mai tsoka. Sai masu gonakin suka juya ga Indiya, wadda ita ma take hannun Ingila. Daga 1845 zuwa 1917 jiragen ruwa suka yi ta sauke leburori, galibinsu mabiya addinin Hindu, wasu Musulmi, bisa yarjejeniyar aikin shekara biyar. Baƙar fata ya ga wanda ya zo ya karya darajar guminsa. Ba'indiye kuma ya ga mai raina shi da addininsa. Har yau ana ganin tabon a akwatin zaɓe: jam'iyyar PNM ta fi ƙarfi wajen baƙar fata, UNC kuma wajen 'yan asalin Indiya.

Abu mafi sauƙi shi ne mu ɗora wa addini. Amma a 1884, da hukumar mulkin mallaka ta buɗe wuta kan jerin gwanon Hosay a garin San Fernando, bikin na Musulmi ne na watan Muharram, ga kuma mabiya Hindu cike da shi. A 1917 hukumar nan dai ta haramta wa baƙar fata Kiristoci 'yan ɗariƙar Shouter Baptist ibadarsu, har zuwa 1951. Bulala ɗaya ce ta sauka a bayan kowa. A 1937 kuwa, yajin aikin ma'aikatan man fetur da Uriah Butler ya jagoranta ya bazu har gonakin rake, ɓangarorin biyu suka tsaya tare.

Wani zai ce Turawa sun tafi tun 1962, don haka mai ƙiyayya a yau shi zai ɗauki kayansa. Gaskiya ne. Babu wanda ya zaɓi gabar da ya gada, amma shayar da ita ga 'ya'ya da gangan ake yi. Sai dai kafin mu yanke wa mayunwatan nan biyu hukunci, adalci ya ce mu fara tambayar wanda ya yanka musu lada. Wanda ya baro ƙauyensu ya ƙetare teku don ya sare rake, yunwa ce ta koro shi, irin wadda ta sa maƙwabcinsa neman ƙari.