Juji Na Wa Ne?

Kakana manomi ne a wani ƙauye da ke gefen birnin Kano. Da rani yakan ɗora wa jakunansa kara ko itace ya shiga birni ya sayar, ya komo da mangaloli cike da toka da kashin awaki da sharar gidaje. Yakan zube su tsibi-tsibi a gona, su jira ruwan fari. Da irin wannan taki manoman kewayen Kano suka daɗe suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da ta gaji ba. Ba wanda ya taɓa tare shi a bakin juji, domin abin da aka zubar ba shi da mai shi.

Yau juji ya yi daraja. Tun da takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, idanu suka ƙara komawa kan ruɓaɓɓen tumatir na kasuwar 'Yankaba da ɓawon kankana na 'Yan Lemo. Idan aka bar su jibge, iska ba ta ratsa su, sai su riƙa fitar da iskar metan mai ɗumama duniya. Idan kuwa aka haɗa su da busasshen ganye, ana juyawa ana yayyafa ruwa, cikin 'yan watanni sun zama taki. Shi ya sa masu ba da tallafi suke zuba kuɗi a wannan sana'a, kuma ban ga laifinsu ba.

Na yi aikin rubuta lissafi a wani shiri irin wannan, a can ne tambayar ta fara damuna. Kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi wajen injin niƙa da mota da bikin buɗewa. Abin da aka ware wa masu tsince leda da kwalba da batir daga cikin sharar bai taka kara ya karya ba, alhali in babu hannunsu takin guba ne. Abu na farko da muka gina katanga ce. Daga ranar, matan da ke tsintar ganyen kabeji don awakinsu da masu jakuna irin kakana suka koma leƙe ta ƙofa. Da wa'adin tallafin ya cika aka rasa kuɗin man inji, aiki ya tsaya, katangar kuwa tana nan.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren. Ba bankin da zai ba da rance ga wanda ba shi da tabbacin samun shara kullum, kuma buɗaɗɗen juji matattarar ƙuda ce da cuta. Na yarda tsari wajibi ne. Inda na rabu da masu wannan hujja shi ne zaton da suke yi cewa juji fili ne da ba kowa a kansa. Mutumin da ya shekara ashirin yana shaƙar warinsa lokacin da kowa ke toshe hanci ya sami haƙƙi a wurin, ko da ba shi da takarda. Kore shi a ranar da abin ya fara kawo riba zalunci ne, ko da doka ta halatta.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin da aka karɓa da sunan tsabtar gari da talakan manomi amana ce tasu. Sauke ta yana nufin a sa albashin masu tsinta a sahun farko na kasafi, a tanadi kuɗin tafiyar da aiki na bayan ƙarewar tallafi kafin a sayi inji, a ba tsofaffin masu juji wakilci da rabo, a kuma sayar da takin a farashin da mai gona ɗaya zai iya biya.

Ni ne na rubuta takardar biyan kuɗin bulon waccan katanga, ban ce uffan ba. Da kakana ya zo da jakunansa a ranar, ni ma da sai na ce masa ya tsaya a waje.