Kuɗin da ba su da sarki

Kalmar nan "kuɗi" da ke bakin kowa jam'i ce, tilonta kuwa wuri. Harshe ya adana abin da kasuwa ta daɗe da mancewa, wato an yi zamanin da dukiyar ƙasar Hausa take ƴan ƙananan ɓawon dabbar ruwa da ake tsamowa daga tekun Indiya, wajen tsibiran Maldib, su ratso rabin duniya kafin su iso Katsina da Damagaram. Babu sarkin da ya buga su, babu hoton kowa a jikinsu, kuma babu fadar da za ta wayi gari ta ce daga yau sun daina ciniki. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa zuwa Kano a 1851, ya ga yadda ake zube su ana ƙirgawa biyar-biyar, ya kuma rubuta cewa wuri 2500 ne ke sayen dala guda ta azurfa.

Yadda wuri ya mutu shi ne abin lura. Tun kafin Turawan mulki su taɓa shi, ƴan kasuwa ne suka fara karya shi. A tsakiyar ƙarni na 19 fataken birnin Hambug suka gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa jibgo shi a jiragen ruwa zuwa Afirka ta Yamma, har darajarsa ta zube, ɗaukarsa ta zama wahala fiye da amfaninsa. Daga baya ne mulkin mallaka ya ƙarasa shi, da ya ce ba za a karɓi haraji ba sai da kuɗin Bature. Ashe kuɗin da ba su da sarki suna da abokan gaba biyu, kuma na farkon bai ɗaura rawani ba.

Wannan tsohon labari ya dawo da sabuwar riga. A ƙarshen 2008, lokacin da manyan bankunan Amurka da Turai ke durƙushewa, wani da ya ɓoye kansa da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da ƴar takarda mai bayanin Bitcoin, a farkon 2009 kuma tsarin ya fara aiki. Dabarar ita ce a ɗauke littafin lissafi daga hannun banki guda a raba kofinsa ga dubban kwamfutoci a faɗin duniya, ta yadda babu mai iya goge layi ko ƙara sifiri shi kaɗai. An kuma ƙayyade adadin tun farko: ba za su taɓa wuce miliyan 21 ba. Ke nan an toshe ƙofar fataken Hambug, an kuma toshe ta mai karɓar haraji. Haka dai aka yi alkawari.

Mai son yi wa wannan alkawari dariya ya dakata ya tuna abin da ya sa mutane suka ji daɗinsa. Ɗan kasuwar Maraɗi ba ya bukatar a yi masa lacca a kan abin da hukuma ke iya yi wa aljihun mutum. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta canza launin naira ta kuma rufe iyaka, waɗanda ke riƙe da tsoffin takardu a wannan ɓangare suka ga dukiyarsu ta koma ta kunna wuta. A watan Janairu na 1994 aka zauna a Dakar aka raba darajar sefa gida biyu cikin dare ɗaya, ba a tambayi manomi ko malamin makaranta ba. A ƙarshen 2022 aka sake canza manyan takardun naira, har a farkon 2023 mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa don babu takarda a hannunsa. A cikin shekarar kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakokin Nijar, ya daskarar da kadarorin ƙasa da ke babban banki, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a sassauta ba sai Fabrairun 2024. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, masu yanke shawara sun ce wani suke nufi, ɓarawon gwamnati ko ɗan sumoga ko sojan da ya ƙwaci mulki, amma bulalar a bayan mai tallar ƙosai ta sauka.

Abin da aka yi wa aljihu an yi wa baki. A Fabrairun 2021, bayan bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na wayar salula a Nijar har kimanin kwana goma. A watan Yuni na shekarar, da kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnatin Najeriya ta rufe dandalin baki ɗaya, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Kafin nan, lokacin zanga-zangar EndSARS ta 2020, an toshe asusun wasu masu tara gudummawa, sai suka koma karɓa da Bitcoin. Bayan ƴan watanni, a Fabrairun 2021, babban bankin ƙasar ya umarci bankuna su rufe asusun masu cinikin kirifto. Hujjar hukuma a kullum ita ce tsaro, kuma ba hujjar banza ba ce, domin jita-jita ta sha ƙona gari, kuɗin ɓoye kuma sun sha sayen bindiga. Sai dai hukuncin da ya faɗa kan mutum miliyoyi saboda laifin ƴan tsiraru, ba tare da alƙali ya saurari kowa ba, ya fita daga babin tsaro ya shiga na fin ƙarfi.

Kamfanin da aka rufe ɗin ma ba waliyyi ba ne. A Oktoban 2022 attajiri guda, Elon Musk, ya saye Twitter a kan dala biliyan 44, bayan wata biyu kuma ya dakatar da wasu ƴan jarida, ya kuma toshe hanyoyin da ke kai mutane zuwa wani dandali mai suna Mastodon, kafin surutu ya sa ya janye. Shi wannan Mastodon, wanda wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya ƙirƙiro a 2016, ba shi da mai gida guda. Kowa na iya kafa nasa zauren da nasa dokoki, zaurukan kuma suna jin maganar juna. Wanda ya san fadar samari a Damagaram ko Yamai zai gane tsarin nan take: kowace fada da shugabanta da butar shayinta, in an ɓata maka a wannan ka ɗauki kujerarka ka koma waccan, abokanka su bi ka. Babu ofishi guda da gwamnati za ta kira ta ce a kulle, babu kuma attajirin da zai saye su duka a yini ɗaya.

Amma fada ma tana da shugaba, kuma shugaban ƙaramin zaure yana iya zama azzalumi kamar na babba, sai dai zaluncinsa bai kai nesa ba. Yana iya korar mutum ba bayani, yana iya leƙa saƙon da aka aika a asirce, ranar da ya gaji ko kuɗin haya suka ƙare masa yana iya kashe na'urar, rubutun shekaru ya tafi. Mulki bai ɓace ba, an dai farfasa shi ne. Wannan ma ci gaba ne, domin ƙaramin sarki da ake iya tsere wa ya fi babban da ya tare kowace ƙofa. Kuskuren shi ne a ɗauka farfasa mulki daidai yake da kawar da shi.

A nan tambayar ta daina zama ta na'ura ta koma ta ɗabi'a. Babban kirarin masu kirifto shi ne sun gina tsarin da ba ya bukatar a yarda da kowa, lissafi ya isa. Ga Bahaushe wannan kirari yana da ban mamaki, domin fataucinsa kaf a kan amana aka gina shi, kuma shi ma ba shi da cibiya guda. Goro ya taso daga Gwanja, kanwa da gishiri daga arewa, shanu suka gangara kudu, duk a kan kalmar mai gida da shaidar dillali, sau da yawa babu ko takarda. Alhazan Maraɗi sun yi arziki da bashin baki. Adashin mata har yau yana tafiya babu banki babu ɗan sanda. Abin da ya riƙe wannan duka shi ne an san fuskar mutum, an san gidan ubansa, kuma wanda ya ci amana zai rasa abin da ya fi kuɗin da ya ci, wato mutuncinsa da na ƴaƴansa. Tsohon tsarin ya ce wa mutum: ka zama abin yarda. Sabon kuwa ya ce masa ba sai ya zama ba. Na farko yana tarbiyya ko da ya gaza, na biyu ko ya yi nasara bai koya wa kowa komai ba.

Kuma bai cika alkawarin nasa ba. Littafin lissafin gaskiya ne ba ya ƙarya, amma mutane kaɗan ne ke shiga cikinsa kai tsaye. Mafi yawa ta ƙofar wani kamfanin canji suke bi, su damƙa masa dukiyarsu kamar yadda ake damƙa wa banki, alhali babu dokar banki a kansa. A Nuwamban 2022 kamfanin FTX, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ya rushe da biliyoyin dalolin jama'a, aka yanke wa mai shi, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25 a 2024. Wace ce ta kama shi? Hukumar nan dai da aka ce an tsere mata. A Afrilun 2025 wani tsari mai suna CBEX, da ya yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya kulle a Najeriya, waɗanda jiya suke zagin gwamnati suka yi cincirindo suna roƙon ta kamo musu ɓarayi. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Wanda kuma ya ƙi kamfani ya riƙe mabuɗinsa da kansa, ya ɗauki wani nauyin. Mabuɗin ƴan kalmomi ne, galibi goma sha biyu, in sun ɓace dukiya ta ɓace har abada, in an aika kuɗi ga wanda bai dace ba babu mai dawo da su. Wani mutumin Wales ya shafe fiye da shekara goma yana neman izinin tona juji, inda aka jefar da na'urar da ke ɗauke da Bitcoin kusan 8000 a 2013, kotu ta hana shi a 2025. Wannan abin dariya ne daga nesa. Amma a kawo shi gida: magidanci ya rasu da kalmomin a kansa, ga mata ga marayu, ga alƙali a shirye ya raba gado, ga dukiya ana ganin adadinta a fuskar waya, babu mai iya taɓa ta. Ƴancin da ya hana sarki ƙwace dukiyar mutum shi ne ya hana maraya cin gadonsa.

Sai kuma al'adar da ta tsiro a gefen abin, wadda ta fi abin kansa yaɗuwa. A 2024 an ga samari da ƴan mata, daga Kano har Tawa, sun duƙufa suna dannan fuskar waya dare da rana a wasan Hamster Kombat na manhajar Telegram, ana ce masa mainin, da fatan ranar fashewa. Ranar ta zo a ƙarshen Satumba, mafi yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Ba daidai ba ne a yi musu ba'a. Wanda ya gama karatu ya zauna shekara biyar babu aiki, in ya danna waya bai fi wanda ya hana shi aikin wauta ba. Abin takaicin shi ne maganar ƴanci da aka fara da ita ta ƙare a caca, inda ribar wanda ya riga shiga take fitowa daga aljihun wanda ya zo a baya. Malaman fiƙihu da suka kawo batun garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, sun saɓa a kan hukuncin Bitcoin kansa, amma a kan irin wannan ba sai an buɗe littafi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Duk da haka, kuskure ne a tattara kayan a mayar wa hukuma da godiya. Samuwar ƙofar fita tana ladabtar da mai gida. Matasan Najeriya sun ci gaba da shiga Twitter ta VPN, sun ci gaba da cinikin kirifto hannu da hannu, har babban bankin ya janye haramcinsa a Disambar 2023, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta amince da irin wannan kadara. Amma abin da ya fi wannan nauyi ya faru ne a zauren shari'a. A Yulin 2022 kotun CEDEAO ta ce rufe Twitter ya saɓa wa doka. A Maris na 2023 kotun ƙolin Najeriya ta ce tsoffin takardun naira su ci gaba da aiki. Hukuma tana wuce gona da iri, amma tana da suna da adireshi, ana iya kai ta ƙara, wani lokaci har a yi nasara a kanta. Satoshi Nakamoto ya yi shiru tun 2011, kuma babu kotun da za ta aika wa lissafi sammaci. Matashin da ya zuba duk fushinsa a neman hanyar ɓuya ya bar wa wasu aikin da ya fi wuya, na tsayawa a fili a ce wa mai mulki nan ne iyakarka.

Hukumomi su ma sun koyi darasi, sai dai ba wanda aka so su koya ba. A Oktoban 2021 Najeriya ta ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na babban banki. Fasahar ta yi kama da ta kirifto, manufar kuwa kishiyarta ce, domin littafin yana hannu guda, mai riƙe da shi kuma yana iya ganin inda kowace naira ta kwana. Jama'a kaɗan ne suka karɓe shi, ko a lokacin da takardar kuɗi ta yi ƙamfa a 2023. A kasuwar Maraɗi da ta Jibiya, mai sayar da daddawa har yanzu jikarta take ƙullewa a bakin zane. Takardar tana ɗauke da hatimin babban banki, ana iya karya darajarta a wani taro da ba a gayyace ta ba, amma ba ta bukatar caji, ba ta bukatar kalma goma sha biyu, ba ta kuma gaya wa kowa wanda aka ba ta jiya.