Matafiyi, Mazauni da Ɗan Gari: Matsayin Mai Neman Abinci a Wani Sashe na Ƙasarsa

Tambayar da ke gaban duk wanda ya bar garin haihuwarsa ya tafi wani sashe na ƙasarsa domin neman abinci ita ce lokacin da baƙuntarsa za ta ƙare, wato ranar da zai daina zama baƙon da ake haƙuri da shi, ya koma mutumin gari mai haƙƙi a cikinsa, wanda kuma garin yake da haƙƙi a kansa. A Najeriya, ƙasa mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, inda tafiya daga Kano zuwa Legas ta kai kimanin kilomita 1,000, wannan tambaya ta shafi Bahaushen da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12, da Inyamurin da ke da shagon kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano, da ma'aikacin gwamnatin tarayya da ake yi wa canjin wurin aiki daga Maiduguri zuwa Fatakwal. An saba amsa ta da harshen siyasa, alhali fiƙihun Musulunci ya daɗe da tattauna ta a wani babi da ba kasafai ake waiwayarsa da wannan ido ba, wato babin sallar matafiyi.

Zama a garin da ba na kakanni ba tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Fatake sun yi ƙarni da ƙarni suna bin hanyar Gwanja domin sayo goro, suna kafa zango a inda suka yada kaya, har zangon ya zama unguwa mai sarkinta da limaminta. Birnin Kano kuwa ya karɓi baƙi ya haɗiye su, kamar yadda sunayen unguwanninsa suke shaidawa, irin su Ayagi ta Yarabawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe fataucin goro, asalinsu daga wasu wurare ne, kuma daga cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya rasu a 1955 ba tare da wani ya yi shakkar Bakano ne ba. Abin da ya sauya tsarin shi ne mulkin Turawa, wanda ya ware wa baƙi unguwa tasu a bayan gari bayan zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, ya kuma yi irin haka a Ibadan, inda aka kafa unguwar Sabo ta Hausawa a 1916. Tun daga nan baƙunta ta zama matsayi da hukuma take rubutawa, ɗa ya gaje ta daga ubansa.

Tsarin mulkin 1999 ya gaji wannan matsala, shi ya sa yake magana da baki biyu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, amma sashe na 147 ya wajabta a ɗauki minista daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalin jihar ne. Daga wannan ƙa'ida ta raba daidai a muƙamai takardar shaidar asali ta samu ƙarfinta. Yaron da aka haifa a Agege, wanda ubansa ma a nan aka haife shi, wanda yake jin Yarabanci kamar yadda yake jin Hausa, idan ya tashi neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar ƙaramar hukumarsa ta asali. Sai ya hau mota zuwa ƙauyen da bai taɓa kwana a ciki ba, ya nemi mai unguwa ko dagaci ya shaide shi, shi kuwa dagacin ya yi ta tambayar sunan kakansa da gidan da ya fito, ana aika a kira dattijon da zai iya tunawa. Inda ya tashi ana ce masa baƙo, inda aka ce nan ne gidansu kuma ba a san fuskarsa ba, abin da Hausawa suka riga suka faɗa da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Malaman fiƙihu sun fuskanci tambayar ne ta wata ƙofa daban, domin dole su san wanda aka yi wa rangwamen ƙasaru, wato mayar da salla mai raka'a huɗu ta koma biyu, wanda aya ta 101 ta suratun Nisa'i ta yi magana a kai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a ƙasar Hausa ta hanyar littattafai irin su Risala da Mukhtasar na Halil, tafiyar da ake ƙasaru a cikinta ita ce ta mil 48, kimanin kilomita 80. Hukuncin tafiya yana yankewa da zarar mutum ya ƙudurta niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani wuri, yana kuma yankewa idan ya shiga garin da matarsa da ya tare da ita take zaune, ko da garin ba mahaifarsa ba ne. Da wannan ne malamai suka kasa mutane gida uku: akwai matafiyi, akwai muƙimi, wato wanda ya yi niyyar zama na wani lokaci, akwai kuma mustauɗini, wanda ya riƙi wurin a matsayin gida ba tare da niyyar tashi ba. Bambancin na biyu da na uku yana bayyana a sallar Juma'a, domin muƙimi tana wajaba a kansa, amma mutum 12 da ake sharɗanta halartarsu kafin ta inganta sai sun kasance mustauɗinai. A duk waɗannan matakai abin da ake dubawa shi ne niyya da iyali da tsawon zama, kuma babu inda aka sharɗanta cewa kakan mutum ne ya sari dajin da garin ya zauna a kai.

Ana iya ganin wannan rabe-rabe da ido a kowace babbar kasuwar kayan gwari ta kudu. Direban da ya sauke tumatir daga Kadawa da asuba, wanda zai juya arewa gobe ko jibi, idan aka tura shi gaba ya ja sallar azahar a kan tabarma a gefen motarsa, zai yi sallama bayan raka'a biyu. Dillalin da ya karɓi kayan, wanda watakila ƙauyensu ɗaya da direban amma ya shekara ashirin a garin da matansa da 'ya'yansa, sai ya miƙe ya cika raka'a biyun da suka rage. Harshensu ɗaya, asalinsu ɗaya, kuma a idon hukumar jihar dukkansu baƙi ne, amma shari'a ta riga ta raba su, ta ɗauki ɗaya a matsayin mai wucewa, ɗaya kuma mutumin gari.

Hujja mafi ƙarfi a wannan babi ita ce abin da ya faru da Muhajirai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Makka aka haife shi, amma da ya koma cikinta a shekarar da aka buɗe ta, shekara ta 8 bayan hijira, ƙasaru ya riƙa yi tsawon zamansa. An kuma ba Muhajirai izinin kwana uku kacal a Makka bayan kammala aikin hajji, wanda daga nan ne malamai suka fahimci cewa kwana uku ba ya fitar da mutum daga hukuncin tafiya, huɗu ne yake fitarwa. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar idan ya zo Makka yakan yi wa mutane salla raka'a biyu, sannan ya umarci mutanen garin su cika tasu domin shi da abokan tafiyarsa matafiya ne. Ke nan Baƙuraishe, a garin da kakanninsa suka riƙe tun zamanin Ƙusayyu, ya ɗauki kansa mai wucewa, saboda gidansa ya koma Madina. Wannan ya nuna cewa gida abu ne da mutum yake iya ƙulla shi da niyyarsa da zamansa, yake kuma iya kwance shi, ba tambari ne da ake haihuwar mutum da shi ba.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi iyakar wannan hujja. Hukuncin ƙasaru hukunci ne na ibada, ba a saukar da shi domin rabon kujerun ƙaramar hukuma ba, kuma wanda ya ɗauke shi kai tsaye ya ɗora a kan siyasa ya yi ƙiyasi marar kyau. Haka kuma tsoron da 'yan asalin wuri suke ji ba duka ne son zuciya ba, musamman ƙananan ƙabilu waɗanda ƙasar nomansu da sarautarsu da harshensu su ne kaɗai abin da suka mallaka, suke kuma ganin yawan masu zuwa yana iya rinjayarsu a gidansu. Rikicin Jos na 2001 da na 2008 a kan wannan jijiya ya taso. Tarihin Madina bai yi watsi da irin wannan damuwa ba, domin lokacin da Ansaru suka nemi a raba gonakin dabinonsu tsakaninsu da Muhajirai, Manzon Allah bai amince ba, aka daidaita a kan tarayya cikin amfanin gonar, mallaka kuwa ta tsaya a hannun masu ita. Abdurrahman bin Auf ma, da Sa'adu bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, godiya ya yi ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Abin da za a ɗauka daga fiƙihu shi ne ma'auni: gado da gonar kakanni da sarautar gargajiya suna nan ga masu su, amma kariyar rai da dukiya, da makarantar yara, da asibiti, da damar neman aiki a inda mutum yake biyan haraji, haƙƙoƙi ne na zama, kuma zama yana tabbata ba tare da nasaba ba.

Ɓangaren da mazauna kansu suka fi yawan mantawa shi ne cewa wanda aka ɗauke wa sunan matafiyi an ɗauke masa rangwame ne, an ɗora masa nauyi. Sallarsa ta cika, azumi ya wajaba a kansa a kan lokaci, Juma'a ta hau kansa, maƙwabcinsa kuma yana da haƙƙi a kansa ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Zakka ta fi kowane misali fito da wannan a fili, domin a Malikiyya ana raba ta ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, ƙasa da nisan ƙasaru, ba a kai ta nesa sai idan na nesan sun fi tsananin buƙata. Ɗan kasuwar da ya tara dukiyarsa a Onica ko Ibadan, amma duk shekara yake aika zakkarsa kacokan zuwa ƙauyensu ba tare da ya duba matalautan da ke bayan shagonsa ba, yana buƙatar ya sake nazarin hukuncin. Akwai bambanci tsakanin ɗan ci-rani, wanda yake zuwa bayan girbi ya koma da faɗuwar ruwan farko, da wanda ya gina gida ya aurar da 'ya'ya a wuri amma har yanzu yake rayuwa kamar gobe zai tashi, bai koyi harshen mutanen garin ba, ba ya halartar jana'izarsu ko ta'aziyyarsu, ba ya shiga aikin gayyar gyaran magudanar ruwa ta unguwa. Na farkon uzurinsa a bayyane yake, na biyun kuwa yana neman haƙƙin ɗan gari ne alhali yana riƙe da rangwamen matafiyi, kuma wannan hali yana ƙara wa masu ƙin baƙi hujja.

Ma'aunin nan ba ya karɓuwa sai an auna kowa da shi. Mutumin arewa da ya ji zafin rikicin da ya rutsa da 'yan'uwansa a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021 dole ya tuna da kashe-kashen 1966 da suka kori dubban Inyamurai daga garuruwan arewa, ya kuma tuna da wa'adin tashi da wasu ƙungiyoyin matasa suka ba su a Kaduna a watan Yunin 2017 kafin a janye shi. Iyalin da suka yi zuriya uku a Sabon Garin Kano ko Zariya mustauɗinai ne da kowane ma'auni na hankali, kuma wanda ya ƙi yarda da haka ya rushe hujjarsa game da Sabo ta Ibadan da Agege. Ƙasar ta taɓa nuna cewa tana iya wuce wannan shinge, domin a shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Shirin bautar ƙasa da gwamnatin Janar Yakubu Gawon ta kafa a 1973, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, an yi shi ne domin matasa su zauna su yi aiki a jihar da ba tasu ba. Amma shirin shekara ɗaya ne, yana samar da muƙimai da yawa, kuma wanda ya so ya zarce ya zama mustauɗini a inda ya yi hidima yakan tarar cewa ma'aikatar da ta amfana da shi shekara guda ba za ta ɗauke shi aiki na dindindin ba sai da takardar asali, ko kuma ta ɗauke shi a kan kwantiragi ba tare da fansho ba.

Sashe na 15 na tsarin mulkin ya ɗora wa hukuma alhakin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a kowane yanki, da ƙarfafa auratayya tsakanin mutanen da asalinsu ko addininsu ko harshensu ya bambanta, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiwatar da shi. Abin da ya rage a fayyace shi ne tsawon zaman da zai ba mutum wannan matsayi da irin shaidar da za a karɓa, ko ta haihuwa ce a wurin, ko ta aure, ko ta mallakar gida, ko ta biyan haraji na wasu shekaru. Malaman Malikiyya sun yanke wa nasu babin iyaka da kwana da mil da niyya, har mai karatun Risala a zaure yana iya sanin hukuncin kansa, dokar ƙasa kuwa ta ambaci ɗan asali ba tare da ta buɗe wata hanya da mazauni zai bi ya kai wannan matsayi ba, ko da shi da ubansa da kakansa duk a garin aka binne cibiyarsu.